Darasin yunwa a aji biyar: ƙuri'ar shinkafa ko littafin farashin kasuwa?

Malamar Aji Biyar:
Assalamu alaikum malamai, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema. Ranar 16 ga Oktoba ce Ranar Abinci ta Duniya, shugabar makarantarmu kuma ta ce kowane aji ya fito da abin da zai yi. Ni na yi sha'awar wani wasa da ƙungiyar Oxfam ta daɗe tana shiryawa a Amurka. Ana rubuta ƙuri'a kowa ya zara. 'Yan kaɗan su hau tebur a kawo musu abinci mai rai da lafiya, wasu su sami shinkafa da wake a kan benci, mafi yawa kuma su zauna a ƙasa da 'yar farar shinkafa, ba mai ba yaji, sai ruwa. In an gama a tambayi kowa yadda ya ji, daga nan a shiga bayanin yadda abinci ya rabu a duniya. Yarana 40 ne, na tsara 6 a tebur, 14 a benci, 20 a tabarma. Akwai wanda ya taɓa gwadawa a cikinmu?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kafin a kai ga ƙuri'a, a cikin arba'in ɗin nan nawa ne ke zuwa miki ba su karya ba?

Malamar Aji Biyar:
Makarantar kuɗi ce Baba, yawancinsu da kwandon abincinsu suke zuwa. Amma akwai uku ko huɗu da in an tashi tara sai su ce ba sa jin yunwa, su wuce bakin famfo.

Tsohon Hedimasta:
To waɗannan su ne damuwata. Wasan nan a jami'o'i da majami'un Amurka aka fi yin sa, wa mutanen da in sun zauna a ƙasa na awa guda sun san firjinsu na nan cike a gida. A wurinsu darasi ne. Yaron da jiya da daddare garin kwaki ya jiƙa ya sha ya kwanta, in ƙuri'ar tabarma ta faɗo masa, me kika koya masa wanda bai sani ba? In kuma ta tebur ce ta faɗo masa, ki duba yadda zai ci abincin nan. Sauran yaran ma za su duba, kuma yara ba sa barin irin wannan ya wuce. Sai ki ji an laƙa masa suna, ya yi ta amsa shi har ya gama makarantar. Ban ce kada a yi darasin ba. Abincin gaske ne ban yarda a yi wasa da shi a gaban mai jin yunwar gaske ba.

Malamin Lissafi:
Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, ina ganin an yi saurin yanke hukunci. Ka rubuta wa ɗan shekara goma miliyoyin masu yunwa a allo, zai kwafe, zai kawo maka a jarrabawa, ba abin da zai taɓa zuciyarsa. Amma ya ga abokinsa riƙe da cinyar kaza shi kuma ko mai babu, alhali ba wanda ya fi wani ƙoƙari, takarda kawai suka zara, wannan ba zai fita daga kansa ba. Gani ya kori ji. Kuma 'ya'yan masu hali su suka fi bukatar darasin nan, tunda su za su riƙe ma'aikatu gobe.

Anti Mai Zamantakewa:
Ni na yi shi a ƙaramar sakandare, amma da biskit, kuma bayan an dawo daga tara. Na raba su rukuni biyar, kowane rukuni nahiya guda, yawan yaran daidai da yawan mutanen nahiyar. Sai rukunin Asiya ya kwashe fiye da rabin ajin, suka cunkushe a kusurwa ɗaya, Arewacin Amurka kuma yara biyu kacal. Biskit ɗin kuwa na raba shi bisa dukiya. Yaran biyun nan suka rasa inda za su zuba nasu, har a hula. Rukunin Afirka suna ta karya guda ɗaya gida huɗu.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni sha'awa. Wani daga rukunin Asiya ya ce a tafi a ƙwato. Wata ta ce a je a roƙa. Ɗaya daga cikin yaran biyun ya ce zai bayar, amma sai an yi masa sharar aji ta mako guda. Ban koya musu komai ba tukuna, su da kansu suka fito da yaƙi da bara da bashi. Akwai kuma yarinyar da na gani ta naɗe gutsuren da ta samu a gefen hijabinta, da na tambaye ta daga baya ta ce ƙaninta za ta kai wa. A ƙarshe na tattara na sake rabawa daidai, kowa ya tafi da nasa.

Baban 'Yan Biyu:
Ni uba ne, ba malami ba, matata ce ta sa ni a zauren nan. Gaskiya in ɗana ya dawo ya ce an zaunar da shi a ƙasa wasu na cin kaza, gobe da sassafe ina ofishin shugabar makaranta. Sannan duk wannan zancen rabo, ni ina ganin mutane ne suka yi wa duniya yawa, abincin ba ya isa. Ku koya musu noma kawai.

Malamin Labarin Ƙasa:
Alhaji, maganar sanar da iyaye kana da gaskiya, amma ta biyun ce ainihin abin da darasin ya zo gyarawa. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce kimanin mutum miliyan 733 suka yi fama da yunwa a 2023, wato 1 cikin 11 a duniya, a Afirka kuwa 1 cikin 5. Amma abincin da ke isowa ga mutane, da za a raba shi daidai, kowa zai tashi da kusan kalori 3,000 a rana, alhali babban mutum 2,000 zuwa 2,500 ke isar sa. Wannan fa bayan an cire abin da ake ba dabbobi, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na hatsin duniya. A Amurka kusan kashi ɗaya cikin uku na masararsu man itanol ake yi da ita ana zuba wa mota. Kimanin kashi 13 cikin 100 na abinci yana lalacewa tun kafin ya kai shago, sannan a 2022 kaɗai an zubar da sama da tan biliyan 1 a gidaje da shaguna da wuraren cin abinci.

Kuma kada mu ce Turawa ne kaɗai masu zubarwa. Rahoton da ya kawo wannan adadin ya nuna abin da ake zubarwa a gidaje bai bambanta sosai ba tsakanin ƙasashe masu arziki da masu ƙaramin ƙarfi. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan an watse daga dinar biki a Kano ya san wannan.

Baban 'Yan Biyu:
To in abinci ya isa, me ya hana shi zuwa inda ake bukatarsa?

Mushen Maraɗi:
Salamu alaikum. Ku ba ni dama in amsa wa Alhaji, don mu nan Nijar mun ga amsar da idonmu a 2005. Damanar 2004 ta yanke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu yankuna. An samu giɓi, amma ba irin wanda za a ce ƙasa ta rasa hatsi ba. Ka shiga kasuwar Maraɗi a tsakiyar damanar 2005, buhunan hatsi na nan jibge, motoci na lodi. Farashi ne ya yi sama har ya ninka, dabbobi kuma suka rame kuɗinsu ya faɗi. Mutumin da a da zai saida akuya ya auno abin da zai riƙe gidansa, sai ya saida biyu bai samu rabin haka ba. Mata suka shiga daji ɗibar anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sake ruwa don ɗacin ya fita, sannan a dafa wa yara.

Abin da ya kamata yaro ya yi tunani a kai shi ne wannan: jihohin Maraɗi da Damagaram, inda aka fi noma, nan ne aka fi kwantar da yara masu tamowa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kaɗai sun yi jinyar yara sama da 60,000 a shekarar. Gwamnati da farko ta tsaya kan saida hatsi da rahusa maimakon rabawa kyauta, wanda ba shi da ko dala kuwa rahusa ba ta yi masa komai. Shugaba Tandja ma ya fito ya ce ba a yunwa a ƙasar. Ni in zan koyar da wannan darasi a lakwal, wato makaranta, daga nan nike farawa, sannan in fita duniya.

Malamin Labarin Ƙasa:
Mushe ka taɓo inda ake so. Masanin tattalin arzikin nan na Indiya, Amartya Sen, a kan haka ya yi littafinsa na 1981. Yunwar Bengal ta 1943 ta kashe mutum miliyan 2 zuwa 3, shi kuma ya nuna shinkafar da ke yankin a shekarar ba ta yi ƙarancin da zai kashe mutane haka ba. Farashi ne ya tashi a lokacin yaƙin duniya, 'yan ƙwadago da masunta da masu ƙananan sana'o'i suka kasa saye. Malama, ki gaya wa yaranki cewa lokacin da ya ga yunwar nan da idonsa shekararsa tara, sa'ansu ne. Abin ya tsaya masa a rai har ya girma ya bincika, ya kuma samu kyautar Nobel a 1998.

Malamar Aji Biyar:
Wannan kam zan yi amfani da shi, na gode. Amma ta yaya zan sauko da maganar farashi yadda ɗan aji biyar zai gane?

Tsohon Hedimasta:
Ba sai kin sauko da ita ba, suna cikinta. Wa ake aika awo a gida in ba su ba? Ki sa kowane yaro ya ware shafi a bayan littafinsa, duk mako ya rubuto kuɗin kwanon gero da na masara da na wake a kasuwar unguwarsu. Ki fara yanzu da kaka, ki bi har damina. Za su ga da kansu lokacin da hatsi ke araha shi ne lokacin da manomi ke sayarwa, don bashin taki da bikin 'ya da kuɗin makaranta duk a kaka suke jiransa. Lokacin da ya yi tsada kuma, wajen Yuli da Agusta, shi ne lokacin da rumbunsa ya ƙare ya dawo kasuwa yana saye. Ki ba su lissafi: a ce manomi ya sayar da buhu 10 a kaka, da damina farashi ya ninka, buhu nawa kuɗin nan zai sayo masa? Yaron da ya samo 5 da hannunsa ya fahimci abin da manya da yawa ba su fahimta ba.

Sannan tarihi. Muna da namu, ba sai mun ara ba. Kakanninmu suna kiran yunwar 1913 zuwa 1914 Kakalaba. Ruwa ne ya yi ƙaranci, haka ne, amma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mutane sun karkata ga gyaɗa, Turawa kuma ba su fasa karɓar haraji da kuɗi ba. Wani Bature mai suna Michael Watts ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina ya yi littafi guda a kan yunwa a ƙasar Hausa, ya fito a 1983. Ki aika yaran su tambayi kakanninsu farin 1973 da na 1984: me aka ci, wa ya taimaki wa, me aka sayar. Abin da za su dawo da shi ya fi duk abin da ke cikin manhaja.

Mushen Maraɗi:
Baba ya yi gaskiya. A ƙara musu da cewa yunwa na kada gwamnati. Juyin mulkin da Seyni Kountché ya yi wa Diori Hamani a Afrilun 1974, cikin manyan dalilan da sojoji suka bayar har da yadda aka yi da kayan agajin fari.

Ɗan Dawanau:
Ina ta karantawa na yi shiru, amma na ga inda maganar ta dosa. Ƙarshenta yara su tashi da cewa ɗan kasuwa ne azzalumi. Ni ɗan hatsi ne, 'ya'yana uku na makaranta, kuma ba na so a nuna su da yatsa. Malamai, in ba wanda ya saya a kaka ya ajiye, me za ku ci a Agusta? Ajiyar nan kuɗi take ci: hayar sito, maganin ƙwari, ɗan dako, mai gadi. Mota daga ƙauye zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ku tambayi abin da direba ke karɓa, ban da abin da ake ajiyewa a kowane shinge. Kuma ba kullum ake ci ba. A 2025 da farashin masara ya faɗo, akwai waɗanda suka saya da tsada jarinsu ya karye, ba wanda ya yi musu jaje. In za ku koyar, ku faɗa musu gonaki nawa ne a Zamfara da Katsina aka daina nomawa saboda 'yan bindiga.

Malamin Lissafi:
Alhaji ba wanda ya kira ka azzalumi. Amma kai ma ka san akwai masu rufe sito su jira kuka ya yi yawa.

Ɗan Dawanau:
Akwai, kamar yadda akwai malamin da ba ya shiga aji sai ranar albashi.

Anti Mai Zamantakewa:
Kai Alhaji! To an yi kunnen doki, a bar ta nan. Ni dai na ɗauki maganarka. Malama, me zai hana ki gayyaci ɗan kasuwa da manomi su zo aji yara su yi musu tambayoyi? Zai fi a ce ke kika ba da labarinsu ba sa nan.

Malamin Islamiyya:
Assalamu alaikum. Abin da Alhaji da Malam ke ja a kai, malamai sun daɗe da rarrabewa. Ajiya daban, ɓoye abinci don a ƙuntata wa mutane daban, shi ne wanda hadisin Muslim ya ce ba mai yin sa sai mai laifi. Ajiya kuwa Annabi Yusuf (AS) ya yi ta, kuma yara na son ƙissar nan: shekara bakwai na yalwa, bakwai na tsanani, da umarnin a bar hatsin a zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci. Ki tambaye su me ya sa a zangarniya, sannan ki nuna musu damin gero a rumbu, su ga kakanninsu ma haka suke yi don ya daɗe.

Ga lissafi kuma ga Malam. Zakkar amfanin gona ɗaya cikin goma ce in ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin in ban ruwa aka yi da wahala, nisabi kuma wasƙi 5, wato sa'i 300. A ce ƙauye ya noma dami 2,000 da damina kuma duk manoman sun kai nisabi, dami nawa ne haƙƙin mabukata? Na zaɓi kalmar haƙƙi da gangan, don ba na so yaro ya tashi yana kallon mai yunwa a matsayin abin tausayi da ake jefa wa saura. Akwai kuma hadisin Ash'ariyyawa a Bukhari da Muslim: in guzurinsu ya ƙare a tafiya ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sai su tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu guda, Manzon Allah (SAW) ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. In dai wasa ake so, ga wanda ba ya kunyata kowa.

Malama Daga Jos:
Allah gafarta Malam, ajina gauraye ne, Musulmi da Kirista, kuma labarin Yusufu na cikin waɗanda duka suka sani. A Littafin Farawa sura 41 har an faɗi kason da aka ajiye, ɗaya cikin biyar. A Littafin Firistoci sura 19 kuma an hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙaf ko komawa tsince abin da ya zube, a bar wa matalauci da baƙo. Da na karanta musu, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce ai kala ke nan, kakarsa na zuwa kalar gyaɗa. Daga nan muka shiga zancen wa ke da izinin yin kala a garinsu da ko har yanzu masu gona na bari.

Nas Mai Dare:
Ku yi haƙuri na shigo a makare, yanzu na sauka daga aiki. Duk kuna maganar nahiyoyi da kasuwanni, ni rabon da na fi gani yana kawo mana yara asibiti a tsakar gida ake yin sa. A yanka kaza, cinya da ƙirji a kwanon maigida, yara su sami ƙafa da wuya, mai goyo ta suɗe tukunya. Ɗan wata takwas kuma kunu zalla, safe da rana da dare. Cikinsa a cike yake, amma in muka naɗa masa awon dantse sai ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa mai tsanani ke nan. Gidan nan kuwa akwai wake, akwai gyaɗa, akwai zogale a bayan ɗaki, ƙwan kajin ma kasuwa ake kai shi. Har abincin gyaɗar nan na leda da muke ba masu tamowa, sai ka gan shi a tire ana tallarsa, ko manya su shanye.

'Yan matan aji biyar ɗin nan su ke goyon ƙannensu, su ke ba su abinci in uwa na aiki. In suka san a zuba garin gyaɗa ko na waken suya a kunun yaro, wallahi an rage mana layi.

Baban 'Yan Biyu:
Yanzu kuma an dawo kanmu. Sista, so kike yara su dawo gida suna leƙa kwanon ubansu?

Nas Mai Dare:
In leƙawar za ta sa a tsoma wa ƙaramin tsoka ɗaya, su leƙa Alhaji.

Tsohon Hedimasta:
Maganar Sista gaskiya ce, amma a bi ta da dabara. Kada malami ya ce wa yaro faɗa mana yadda ake rabo a gidanku. A ƙirƙiro gida na misali, a ba shi mutum bakwai da kaza ɗaya, yara su raba a allo su kare rabonsu. Kowa zai gane gidansu a ciki ba tare da an tona asirin kowa ba.

Matashin Malami:
Ni duk wannan ina ganin kauce wa gaskiya ne. Muna ta tsara yadda za mu koyar da yunwa, yaran makarantun gwamnati kuma na zaune da ita a aji. Ina shirin ciyar da 'yan firamare da aka ƙaddamar a 2016? 'Yan aji ɗaya zuwa uku kawai ya shafa, shi ma aka dakatar da shi a Janairun 2024. Lokacin da ake kawo abincin kowa ya ga yadda aji ke cika. Brazil a 2009 ta yi doka cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin abincin makaranta a wurin ƙananan manoma za a kashe shi, yaro ya ci, manomin garinsu ya samu kasuwa. Indiya na ciyar da yara sama da miliyan 100 a makarantu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma mu shugabanninmu...

Mai Kula da Zaure:
Malam, a tsaya a kan darasi don Allah. Misalan Brazil da Indiya sun shiga, sauran a kai wani zauren.

Matashin Malami:
Na ji, amma yaro zai tambaya wa ke da alhaki, kuma ban ga yadda za a amsa masa ba a ambaci gwamnati ba.

Malamin Labarin Ƙasa:
A ambace ta mana, ba tare da jam'iyya ba. Ni abin da nake yi, ina shiga aji da burodi guda da taswirar duniya. Mu bi sawunsa da baya: mai shayi, gidan burodi, kamfanin fulawa, tashar jirgin ruwa ta Legas, har gonar alkama, tunda mafi yawan alkamar da muke ci daga waje take zuwa. Sai in nuna musu Bahar Aswad, in ce Rasha da Yukren ke fitar da kusan kashi 30 cikin 100 na alkamar da ake cinikinta a duniya kafin yaƙin 2022. Da tashoshin Yukren suka rufe, farashi ya tashi har a teburin mai shayin unguwarsu. Haka Indiya da ta hana fitar da wani nau'in farar shinkafa a Yulin 2023, ƙasashen Afirka ta Yamma da ke dogaro da ita suka ji a jikinsu. Daga nan in kai yatsa Darfur, sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam kusa da El Fasher, inda aka tabbatar da matsananciyar yunwa a Agustan 2024. Sudan na da Kogin Nilu da gonakin Jazira, akwai ma Hausawa da yawa da ke noma a can. Yaƙi ne ya tare hanya. Yaro in ya bi wannan zaren, shi da kansa zai ga inda hukuma ke shigowa.

Mushen Maraɗi:
Ba sai an je nesa ba ma. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, tsakanin Maraɗi da Jibiya tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, kaya suka tsaya, kowane ɓangare ya ji.

Malamar Aji Biyar:
Malamai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga inda na tsaya. Shinkafa da kaza na fasa. Ranar 16 za mu yi na nahiyoyi irin na Anti, amma da ƙwayar wake a kofi maimakon abin ci, sai labarin Maraɗi da na Bengal, mu rufe da ƙissar Annabi Yusuf. Littafin farashi kuma mu fara shi a makon. Alhaji na Dawanau, in ka yarda kai ne baƙonmu na farko.

Ɗan Dawanau:
Na yarda, amma ban da ranar da kaya ke sauka. Zan zo da buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ajiye wake ba magani, su ga yadda ake ɗaure shi.

Malamin Lissafi:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, ƙwayar wake a kofi ba za ta yi abin da biskit ya yi a ajin Anti ba. Ba wanda zai ce a je a ƙwato wake ɗanye. Amma ki gwada ki ba mu labari. Littafin farashin kuwa ina so ajina ya shiga.

Mushen Maraɗi:
Nawa ma. Mu riƙa musanya duk ƙarshen wata, yaran Kano su ga na Maraɗi, namu su ga na Kano. Sai dai akwai matsala biyu: mu da tiya muke awo kuma da sefa muke saye.

Malamin Lissafi:
Ai nan aikin yake. Kowane aji ya ari sikeli ya auna ma'auninsa ya koma kilo, a cika shi yadda mai awo ke cikawa, da tozonsa. Canjin kuɗi kuma a rubuta na ranar da aka yi awon, na kasuwa ba na banki ba, don da shi ake sayen hatsin. Mushe turo mini lambarka ta gefe in aiko maka da jadawalin da za su riƙa cikewa.